Ciwon Inna Ba Kasuwa Ba Ne

Na sani an saba cika shafukan wannan mujalla tamu da waƙa da gajeren labari da gardama a kan ƙa'idojin rubutu. To, yau ina roƙon Edita da masu karatu, malamai da ɗalibai, su yi mini uzuri, domin faɗa na zo yi, kuma da mutum uku zan yi shi. Na farko shi ne mai sayar da maganin da ya rantse yana warkar da ciwon daji. Na biyu shi ne likitan da ke jin nauyin buɗe baki ya yi wa majinyaci bayani. Na uku kuwa ni ne da kaina, da ire-irena 'yan boko, waɗanda ranar da ake bukatar karatunmu a gida, ranar ce muke naɗe shi mu tura ƙarƙashin gado. Abin da ya jawo faɗan nan kuwa ciwon mahaifiyata ne.

Yadda Abin Ya Faro

A farkon 2022 Inna ta fara kukan kumburin ciki. In ta yi loma uku sai ta ture kwano, ta ce ta ƙoshi. Wata bakwai muka yi muna yawo. Wannan mai kemis ya ce olsa ce, wancan ya ce taifot ne, maƙwabta suka ce sanyi ne ko basir. Sai da aka ɗauki hoton cikinta a babban asibiti sa'an nan aka ce daji ne ya kama mata gidan ƙwai, watau 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke dama da hagun mahaifa, inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Ya riga ya bazu cikin ciki, ya kai mataki na uku. Aka yi mata aiki, aka kuma yi mata ƙarin ruwan nan mai kashe daji da ake kira kemo, sau shida, mako uku-uku tsakani. Gashinta ya zube, tafin ƙafarta ya mutu, amma ta daure. A watan Maris na 2023 aka ce hoto ya yi kyau, gwajin jinin da ake kira CA-125 shi ma ya sauka. Muka yanka rago, muka yi sadaka, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe ba mu san halin abokin gābarmu ba. Ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2022 kaɗai mata wajen 324,000 wannan ciwo ya kama a duniya, wajen 207,000 kuma ya kashe. Abin da ya sa yake kisa haka shi ne ba ya nuna kansa da wuri, alamunsa na farko irin na ɓacin ciki ne kawai. Cikin matan da aka gano shi bayan ya bazu kuwa, bakwai zuwa takwas cikin goma yakan dawo musu, ko da aiki da kemo sun yi kyau.

Na Inna ya dawo a watan Mayu na 2024. Likitan da ya karanta hoton a tsaye ya gaya mini, a bakin ƙofa, da Turanci, cikin abin da bai kai minti biyu ba. Ya ce irin wannan in ya dawo ba a warkewa, sai dai a lallaɓa, ya ce a kira na gaba. Ni kuma abin da na kai gida shi ne, "Asibiti sun ce ba magani."

Mako Goma Sha Ɗaya

Kafin gari ya waye gidanmu ya cika da likitoci marasa takarda. Gwaggo ta zo da saiwa a ƙulle a bakin zane. Wata maƙwabciya ta ce a hana ta sukari da tuwo da nama, wai su ke ciyar da ciwon. Kawu kuwa waya ya miƙo mini, ya ce, "Kai da ka yi boko, duba wannan." Majigin WhatsApp ne na wani mai magani sanye da farar rigar likita, mata uku a zaune suna rantsuwa ya warkar da su. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ni ne na ɗauki hayar mota, ni ne na riƙe hannun Inna muka shiga shagonsa. Ba zan ɗora wa Kawu wannan ba.

Allon ƙofarsa ya jera cututtuka tun daga basir da hawan jini da rashin haihuwa har zuwa daji da ƙanjamau. Bai taɓa cikin Inna ba, takardun asibitin da na miƙa masa ma gefe ya ture su. Ya ce, "Malam, daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Wuƙar da kuka bari aka sa mata ita ta fusata shi. Wata uku nake nema, amma da sharaɗi, kada ƙafarta ta sake taka asibiti." Na tambaye shi me ke cikin maganin, ya yi dariya, ya ce sirrin gado ne. Kuɗin da ya yanka mana sai da aka sayar da saniyar Inna da 'yan kunnenta na zinariya. Muka fito da jarkoki uku da ƙullin gari.

Ta fara sha, sai amai da gudawa. Na buga masa waya, ya ce alhamdu lillahi, ciwon ne ke fita. Ta rame, ya ce mugun nama ne ke narkewa. Ciki ya kumbura har ba ta iya sujada, ya ce a ƙara kofi ɗaya. Haka muka yi mako goma sha ɗaya. Wata Asabar cikin watan Agusta numfashi ya gagare ta, muka kwashe ta sai asibiti. Ruwa lita huɗu aka zuƙe daga cikinta, aka kuma ce ƙodarta ta taɓu, ba halin fara kemo sai bayan wata guda.

Da na koma wurin mutumin nan, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai mu muka karya sharaɗi, kuma dama mun makara kawo ta, kuma komai nufin Allah ne. Ku dubi wannan kasuwa, jama'a! In majinyaci ya ji sauƙi, magani ne ya yi aiki. In ya tsananta, ciwo ne ke fita. In ya mutu, kwana ne ya ƙare. Wane ɗan kasuwa ne a Kurmi ko Kantin Kwari yake da hajar da ba a taɓa dawo masa da ita? Matan nan uku na cikin majigi mun gan su. Waɗanda aka kai makwanci kuwa ba mai ɗaukar hotonsu.

"Ai Maganin Bature Ma Daga Itace Yake"

Na san abin da wasu abokaina za su ce. Za su ce ga wani ɗan boko nan ya zo rena gadon kakanninsa, alhali maganin Bature ma daga itace aka samo shi. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce babbar hujjata.

Ɗaya daga cikin magunguna biyu da aka ɗura wa Inna sunansa paclitaxel. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɓamɓaro ɓawon wani itace a dazukan arewa maso yammacin Amurka, cikin wani shiri na gwamnati da ya gwada dubun-dubatar samfurin tsirrai. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ware sinadarin da ke ciki, suka bayyana ƙirarsa a 1971. Ba a yarda a ba majinyata shi ba sai a ƙarshen 1992, kuma dajin gidan ƙwai aka fara yi wa izninsa. Shekara 30 ke nan tsakanin ɓawo da allura. Cikin shekarun nan aka gano nawa ke kashe ciwo, nawa ke kashe mutum, aka kuma gane hanji ba ya tsotsarsa sosai, don haka ta jijiya ake ba da shi. Sauran dubban tsirran da aka gwada fa? Kusan duka an zubar da su, don ba su ci jarrabawa ba.

Ba sai mun tafi Amurka ba ma. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na ciwon sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da karan dafi a cikinsa. Aka auna, aka gwada a kan majinyata, aka buga sakamako a 2001, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Mutumin nan bai ce sirrin gado ba ne, ya buɗe ƙullinsa aka duba. Wannan shi ne girmama gadon kakanni. Saboda haka ni ba na gāba da saiwa ko sassaƙe. Gābata da maganin da ya ƙi a gwada shi ne, ko a ƙwarya yake ko a kwalba mai rubutun Turanci.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Kada kuma a ɗauka Bahaushe ne kaɗai ake yi wa wannan damfara. A shekarun 1970 Amurkawa sun haukace a kan wani magani mai suna Laetrile, wanda ake yi da ƙwallon wani ɗan itace, har jihohi sama da 20 suka halatta shi. Da aka gwada shi a kan majinyata 178 aka buga sakamako a 1982, ko mutum ɗaya bai warke ba, wasu ma sun nuna alamun shan dafin sayanaid, irin wanda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci.

A 2018 masana a Jami'ar Yale suka buga binciken majinyata 281 masu dajin nono ko hanji ko huhu ko na marainar fitsarin maza, wanda bai riga ya bazu ba, waɗanda suka ƙi asibiti suka zaɓi wani magani dabam. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na 'yan'uwansu da suka tsaya asibiti sau biyu da rabi. A wani binciken nasu na wannan shekara suka duba masu haɗa biyun, suka tarar nan ma haɗarin ya ninka, kuma dalilin shi ne da yawansu sun riƙa ƙin wani sashe na maganin asibiti. Dajin gidan ƙwai ba ya cikin waɗannan, amma darasin a fili yake: abin da ya fi kisa shi ne barin maganin da aka gwada. Sharaɗin nan da aka gindaya wa Inna ya fi abin da ke cikin jarka dafi.

Bari in bi waɗanda aka fi kawo mana gida ɗaya-ɗaya. Akwai ƙarin ruwan bitamin C mai yawa, wanda wasu asibitocin kuɗi ke tallarsa. Linus Pauling, mutumin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, shi ya yayata bitamin C, amma gwaje-gwaje biyu na asibitin Mayo, a 1979 da 1985, ba su ga amfanin haɗiyarsa ba. A 2014 an yi ɗan ƙaramin gwaji a Kansas da mata 27 masu irin ciwon Inna, aka ba wasunsu shi ta jijiya tare da kemo, aka ga alamar yana rage wahalar kemo. Tare da kemo fa na ce, kuma mutum 27 sun yi kaɗan a ce ya ƙara wa wani kwana. Daɗin daɗawa, yana iya farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a jinin 'yan Nijeriya, yana kuma wahalar da ƙoda.

Akwai ganyen ɗan itacen nan mai ƙaya-ƙaya, dangin gwandar daji, wanda 'yan kudu ke kira sawasop. An ga yana kashe ƙwayoyin daji a cikin kwanon ɗakin gwaji, amma ruwan wanke masai ma yana kashe su a kwano, ba wanda zai sha. Babu gwajin da ya nuna ya warkar da mutum, a 1999 kuwa likitoci a tsibirin Gwadaluf suka danganta yawan cinsa da shan ganyensa da wani ciwon ƙwaƙwalwa mai kama da ciwon karkarwa.

Sai kuma inda harshe ke nauyi, watau fitsarin raƙumi da habbatus sauda. Bayanin hadisai aikin malamanmu ne, ba ni da bakin shiga. Abin da na sani shi ne a 2023 likitoci a Saudiyya, Musulmi 'yan'uwanmu, suka buga rahoton majinyatan daji 20 da suka sha fitsarin raƙumi: ba wanda ya sami sauƙi, biyu ma suka kamu da zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi. Habbatus sauda kuwa Inna tana lasarta da zuma har gobe, da sanin likita. Amma wanda ya ɗura ta a kwalba, ya liƙa mata sunan Musulunci, ya ce a bar asibiti, ya karɓi kuɗin saniya, wannan addini ya mayar jari.

Kada kuma lambar NAFDAC ta ruɗi kowa. Lambar da ake ba magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa a fili ba. Ba shaida ba ce ta cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa.

"In Bai Yi Magani Ba, Ai Ba Ya Cutarwa"

Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai, don ni ma na faɗe ta. Jikin mai daji ba irin namu ba ne. Maganin carboplatin, abokin tafiyar paclitaxel, da ƙarfin ƙoda ake auna yawansa, kuma ta ƙoda yake fita. Duk abin da ya raunana ƙoda, ko dafin saiwa ko bushewar jiki saboda gudawa, ya rage abin da za a iya ba ta. Wannan ciwo kuma yana yawan toshe hanji, to, ɗura wa mai toshewar hanji filasko ko wani maganin wankin ciki ganganci ne da rai. Kemo yana rage sojojin jini da ƙwayoyin da ke tsayar da zubarsa, saboda haka tsaga da ƙaho da sakiya a wannan lokaci ƙofa ce ta zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Wasu ganyayen ma cinye ƙarfin kemo suke yi a hanta: a 2002 masana a Holan suka nuna wani ganyen Turai da ake sha don damuwa ya rage ƙarfin wani maganin daji a jini da kashi 42 cikin ɗari. Hana abinci kuwa, daji ba ya jin yunwa, daga naman jikin majinyaci yake ɗiba. Inna ce ta ji yunwar.

Idan Ɓera Da Sata

To, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya ku 'yan'uwanmu na sashen likitanci, da ku nake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai jarka ya ba mu kujera, ya ba mu awa guda, ya kira Inna Hajiya, ya yi mana magana da Hausa. Asibiti ta ba mu minti biyu a bakin ƙofa. Na san ku kaɗan ne, majinyata kuwa ba iyaka, kuɗin kemo kuma yana karya gida. Amma bayani ba ya bukatar injin ƙasar waje.

Shaidata ita ce likitar da muka haɗu da ita a watan Agusta. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Mama, sannu da jiki. Kina son in gaya miki komai, ko in gaya wa ɗanki?" Inna ta ce a gaya mata. Ta bayyana mana cewa "ba a warkewa" dabam, "ba magani" dabam. Ta ce in ciwon ya dawo bayan fiye da wata shida da gama kemo, galibi yana sake jin maganin farko, na Inna kuwa wata goma sha huɗu ya yi. In ya dawo da wuri akwai wasu magungunan. Akwai ma ƙwayoyi irin olaparib, wanda aka fara yarda da shi a 2014, masu amfani musamman ga mai gadon lahani a ƙwayar halittar BRCA, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Ta ce ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, abin da take nema shi ne ƙarin lokaci mai daɗi. Sa'an nan ta ce mu kawo mata duk abin da ake ba Inna a gida, ba za ta yi faɗa ba. Da wannan muka ji a watan Mayu, da saniyar Inna na nan a turke.

Magani Mai Rakiya Da Magani Mai Kore

Daga wannan zama na koyi raba magungunan gida kashi biyu. Akwai mai rakiya, wanda ke tafiya tare da na asibiti, yana rage wahala, bai yi da'awar warkarwa ba. Akwai kuma mai kore, wanda ke cewa ko ni ko asibiti. Na farko mun riƙe shi hannu biyu.

Inna tana shan citta don tashin zuciya, kuma wannan yana da hujja: a 2012 an buga gwajin majinyata 576 a Amurka, aka ga rabin giram zuwa giram ɗaya a rana, tare da maganin amai na asibiti, yana rage tashin zuciyar kemo. Ƙannena suna yi mata tausar ƙafa da man kaɗe. In ta ji ƙarfi takan zaga tsakar gida da yamma. Tana shan kunun gyaɗa da fura da romo, duk abin da ranta ke so, kaɗan-kaɗan. Malam yana zuwa ya yi mata addu'a, tana shan rubutu da tafasasshen ruwa, tana shan zamzam. Ba wanda ya isa ya raba ta da waɗannan, ba kuma likitan kirki da zai nemi haka.

Abin da muka fi jin tsoro da farko shi ne mofin, don mun ji ana cewa allurar sallama ce. Ƙarya ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa yadda ake hawa da maganin zafin daji mataki-mataki har zuwa mofin, kuma in likita ya auna shi, barci da cin abinci yake mayar wa majinyaci. Jinyar sauƙaƙa wahala ma fanni ce mai zaman kanta. A 2010 an gwada ta a Boston a kan masu dajin huhu 151: waɗanda aka fara musu ita da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, sun kuma kai sama da wata 11 da rabi, sauran kuwa wajen wata 9.

Wa Ya Tambayi Inna?

Sauran laifina mafi girma. Duk wannan kai-kawo, daga Kawu har Gwaggo har ni, ba wanda ya tambayi mai ciwon abin da take so. Mun mai da jikinta filin nuna wa ya fi ƙaunarta. Wani dare a asibiti na ce, "Inna, ki gafarce ni, ni na kai ki wurin mutumin nan." Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, tun mako na biyu na san ba magani ba ne. Na ga ka kashe kuɗi, na ga idonka, shi ya sa na yi ta sha." Jama'a, ashe mako tara don ni ta yi tana shan azaba.

Ta ce ita ba ta tsoron mutuwa, abin da take so uku ne: ta iya sujada, ta ga auren autarta, kuma kada a sayar da gonar marayu saboda ita. An yi mata kemo karo na biyu, cikin ya sauka, ta koma sallarta a tsaye, an kuma ɗaura auren tana zaune a ɗakinta mata na shigowa yi mata barka. Ciwon yana nan, ba mu yaudari kanmu ba. Ta gaya wa likita da bakinta cewa ranar da wahalar kemo ta fi amfaninsa, a bar ta ta huta a gida, a dai riƙa kashe mata zafi. Wannan haƙƙinta ne. Barin kemo bisa sani don a huta abu ne mai mutunci. Barinsa don wani ya yi ƙarya ya karɓi kuɗi kuwa zalunci ne aka yi wa mai ciwo.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, yawancinmu mu ne na farko da suka taka jami'a a gidajenmu, kuma mu za a miƙa wa waya a ce, "Kai da ka yi boko, duba wannan." Ranar nan in ta zo, kada ku rena Gwaggo da saiwarta, ƙauna ce ta kawo ta. Amma ku yi wa kowane mai magani, mai farar riga ko mai rawani, tambaya huɗu. Me ke cikinsa? A kan mutum nawa masu irin wannan ciwo aka gwada shi, kuma ina waɗanda bai yi wa aiki ba? Ya yarda likita ya gani? Ya ce a bar asibiti? Wanda ya ɓoye na farko, ya kauce wa na biyu, ya ƙi na uku, ya amsa na huɗu, ku ja hannun mahaifiyarku ku fita.

Ku kuma 'yan wannan ƙungiya tamu, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Mai jarka da Hausa mai daɗi yake talla a lasifika da rediyo da TikTok, gaskiya kuwa tana kulle cikin Turancin da iyayenmu ba sa ji. Ina kira ga shugabannin ƙungiya su zauna da ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna, mu fitar da 'yan takardu da wasannin kwaikwayo da Hausar da Inna za ta gane, da boko da ajami: alamun wannan ciwo, ma'anar dawowarsa, abin da ake sha da wanda ake gudu. Duk macen da kumburin ciki da saurin ƙoshi suka yi mata mako biyu ko uku ba su tafi ba, musamman wadda ta manyanta, a kai ta a ɗauki hoto, kada a tsaya wurin mai kemis wata bakwai kamar mu.

Saniyar Inna ba za ta dawo ba, mako goma sha ɗayan nan ma haka. Na rubuta wannan ne don kada wani cikinku ya biya irin kuɗin da muka biya. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ta cikin addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare su daga masu cin kasuwa da ciwonsu, amin.